Kunnena na ƙara dare da rana, muƙamuƙi ne ko kurumta ce ka tahe?

Ga saƙon da wata baiwar Allah ta turo, na cire sunanta kamar yadda ta roƙa:

"Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki ɓoye sunana. Ni tela ce nan Mabera, shekaruna 34, ɗiya huɗu gare ni. Tun gab da babbar Sallah kunnena na hagu yaf fara ƙara awa kukan gyare, tsiiii, dare da rana, in na kwanta kau abin ya hi muni. Wani lokaci sai in ji kunnen ya cika awa ruwa ya shiga, kuma shina ciwo daga nan bakin kunnen. In ina cin abinci muƙamuƙina na yin ƙwas-ƙwas, da sahe kau da ƙyar nika buɗe baki in yi asuwaki. Maigida ya ce ina cizon haƙora cikin kwana. Na tai kemis anka ba ni maganin ɗigawa anka yi min allurai, ba abin da yac canza. Gwaggona haka tah hwara, ƙara da jiri da amai, yanzu kunnenta guda bai ji sam. Wata ƙawata ta ce ita muƙamuƙi ne yaj jawo mata nata, in tai wurin likitan haƙori, maigida kau ya ce likitan kunne. Kuɗin ba su isa in yi ta yawo. Anti mi kika gani, kurumta ce ka tahe?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya ba gwaggo ita ma. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai, ƙarar kunne ita kaɗai ba ta nufin kurumta na tafe, akwai mutane da yawa da ke fama da ita shekara da shekaru kuma suna ji garau. Sannan yawancin abin da kinka lissafa, ƙwas-ƙwas ɗin nan, nauyin baki da safe, cizon haƙora, ciwo a bakin kunne, duk sun fi karkata wajen muƙamuƙi, ƙawarki ba shirme ta faɗa ba. Amma akwai abu biyu cikin saƙonki da sunka hana ni ce miki ki wuce wurin likitan haƙori kai tsaye. Ƙarar gefe ɗaya take, sannan an yi miki allurai da ba ki faɗi sunansu ba, ina jin ma ke kanki ba ki sani ba. Don haka in kuɗin zuwa wuri ɗaya gare ki, maigida ya fi gaskiya a nan, ki fara da likitan kunne a yi miki gwajin ji. Ki yi haƙuri da tsawon bayanin, ina so ki san dalili ne don ki shiga ɗakin likita kina sane da abin da za ki ce.

Yanzu haka da kike karantawa, ki ɗora yatsa a gaban kunnenki, daidai gaban ɗan guringuntsin nan da ke tare ƙofar kunne, ki buɗe baki a hankali ki rufe. Za ki ji wani ƙashi na zamewa gaba yana komowa ƙarƙashin yatsarki. Nan ne mahaɗar muƙamuƙi da ƙoƙon kai, kuma tsakaninta da ramin kunne ɗan siririn ƙashi ne kawai, maƙwabta ne masu katanga ɗaya, in ana daka gidan wannan sai ƙasa ta zubo ɗakin wancan. Bayan kusancin wuri kuma akwai na jijiya. Jijiyar da ke kula da tsokar tauna ita ce dai ke kula da wata 'yar mitsitsiyar tsoka da ke cikin kunne mai ɗaure dodon kunne, kuma saƙon da ke tasowa daga muƙamuƙi da wuya yana ratsawa ta wurin da saƙon ji ke fara sauka a gindin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa in tsokar tauna ta gaji ta ɗaure, ko mahaɗar ta kumbura, mutum sai ya ji ciwon a kunne, ya ji kunnen ya toshe, ya ji ƙara, likita ya haska ciki ya ga komai fes. Wannan ba sabon abu ba ne wurin likitoci, tun 1934 wani likitan kunne a Amurka mai suna James Costen ya rubuta a kai, duk da dai bayanin da ya bayar na dalilin abin daga baya an gyara shi. Kuma an san ciwon mahaɗar muƙamuƙi ya fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40, kin ga kina tsakiyar layin.

Ni abin da ya ƙara sa na zargi muƙamuƙin shi ne lokacin da abin ya fara, da kuma sana'arki. Duk wanda ya taɓa shiga shagon tela mako biyu kafin Sallah ya san halin da ake ciki. Wuya a sunkuye kan keke tun safe har tsakar dare, fil uku huɗu a baki an danne da haƙora, zare da haƙori ake tsinke shi don almakashi ya shige ƙarƙashin atamfa, waya a maƙale tsakanin kafaɗa da kunne ana ba mai kaya haƙuri, ga cingam ko goro don kar barci ya ɗauke. Mutum na cije haƙora wuni guda bai sani ba, da dare kuma damuwar kayan mutane ta bi shi kan katifa ya ci gaba da cizon cikin barci. Haƙoran sama da na ƙasa fa ba a yi su don su zauna a haɗe ba, in ba tauna ake ko haɗiya ba akwai 'yar tazara tsakaninsu. Ki lura da kanki gobe kina kan keke, ina da yaƙinin za ki kama kanki a cije.

To ga gwaje-gwajen da za ki yi a gida, ba su cin ko sisi. Ki samu wuri shiru, bayan sallar asuba ya fi, ki saurari ƙarar tukuna ki riƙe yadda take. Sai ki cije haƙora da ƙarfi na ɗan lokaci, ki saki. Ki turo haɓa gaba. Ki buɗe baki iya buɗewa. Ki juya wuya dama da hagu. In ƙarar na ƙaruwa ko raguwa ko muryarta na canzawa a fili duk sanda kinka yi haka, to muƙamuƙi ko wuya na da hannu. Sai ki danna tsokar kumatu, wadda ke tasowa in kin cije, da ta gefen kai saman kunne, ki gwada hagu da dama, in ta hagu ta fi zafi ko dannawar ta tayar miki da irin ciwon kunnen nan da kinka saba ji, wannan babbar alama ce. Sannan ki jera yatsu uku, manuni da na tsakiya da na zobe, ki gwada sa su a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Lafiyayyen baki na buɗewa wajen milimita 40, yatsu ukun mai bakin na shiga ba wahala. In biyu kawai ke shiga, ko kin duba madubi kin ga haɓar na karkacewa gefe in kina buɗewa, ki riƙe wannan ki gaya wa likita. Ki duba kuma ko akwai ruɓaɓɓen haƙori ko gurbin wanda anka cire a dama da ya sa kike tauna da hagu kaɗai, wannan na yawan zama tushen abin ba a lura ba.

Sai dai a nan ne nake so ki natsu da kyau, domin nan mutane ke ruɗuwa. Canzawar ƙara in an cije haƙora ba ta wanke kunne. Mutane da yawa da ƙararsu daga lalacewar can cikin kunne take, su ma in sun cije da ƙarfi tana canzawa, saboda haɗuwar jijiyoyin nan da na gaya miki. Kuma ba abin da ya hana mutum ɗaya ya haɗa biyun, muƙamuƙi na ciwo, jin ma ya ragu. Don haka gwajin cizo na iya ce miki muƙamuƙi na ciki, amma ba ya iya ce miki kunne lafiya lau yake. Abin da ke raba gardama tambaya biyu ce, shin ji ya ragu, kuma shin ɗaki na juyawa da ke.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne da 'yan ƙasusuwa uku da ke bayansa, akwai wani murɗaɗɗen bututu cike da ruwa, a cikinsa akwai dubban ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi da ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa, a jikinsa kuma akwai sashen da ke riƙe daidaiton jiki kar mutum ya faɗi. In matsala ta taɓa nan, abin da ake gani shi ne raguwar ji, ko jiri, ko duka biyun, kuma abin lura shi ne yawanci ba ciwo. Muƙamuƙi kuwa akasin haka ne, ciwo yake kawowa da jin toshewa, amma in an auna jin sai a tarar bai taɓu ba. Ke kin ce kunnen na ciwo, wannan a wurina alama ce mai daɗin ji, duk da na san ke ba daɗi kike ji ba. Amma ba ki ce komai kan ji ba, shi ya sa nake so ki gwada. Ki kira wani ki sa wayar kunnen dama, ki mayar hagu ba tare da kin taɓa ƙarar wayar ba, ki ji ko daidai suke. Ki murza yatsu biyu kusa da kowane kunne. Ki tambayi kanki ko kin fara juya kunnen dama in ana miki magana, ko a gidan biki kina jin hayaniya amma maganar ta kusa da ke ba ta fita. Akwai kuma wani gwajin, ki rufe baki ki yi mmmm ki ja shi. In kin fi jin gunjin a kunnen da ya toshe, abin ya fi kama da datti ko ruwan mura a bayan dodon kunne, mai sauƙi ne. In kuwa gunjin ya gudu lafiyayyen kunnen, to jijiyar ji ake zargi, wannan ba a kwana da shi.

Game da gwaggo, ni ban gan ta ba, amma yadda kinka kwatanta, ƙara da jiri da amai sannan kunne ɗaya ya tafi, ya yi kama da ciwon da ake kira da sunan wani likitan Faransa, Prosper Meniere, wanda a 1861 ya nuna cewa irin wanga jiri daga kunne yake tasowa, lokacin kowa na ɗauka daga ƙwaƙwalwa ne. Shi wannan ciwon zuwa yake yana tafiya. Mutum na zaune sai kunne ya cika, ƙara ta taso, yawanci mai kauri ce kamar gunjin inji daga nesa, sai ɗaki ya kama juyawa, ba irin duhu-duhun da ake gani in an miƙe da sauri ko ana azumi ba, juyawa sosai har sai an dafa bango ko an kwanta ƙasa, ga amai ga zufa, kuma yana ɗaukar daga minti 20 har zuwa awa 12 kafin ya lafa. Jin na raguwa ya dawo, ya ragu ya dawo, da tafiya ta yi tafiya sai ya daina dawowa duka. Ke ba ki ambaci jiri ko amai ko raguwar ji ba, kuma don gwaggo na da shi ba dole ba ne ke ki same shi, mafi yawan masu shi ba gadonsa sunka yi ba. Akwai wani jirin kuma daban wanda ke zuwa in an juya kan katifa ko an ɗaga kai ko an sunkuya, ya yi 'yan daƙiƙu ƙasa da minti ɗaya ya wuce, shi ba ya taɓa ji, kuma likita na gyara shi da jujjuya kan mutum ta wata hanya a kan gadon asibiti, sau da yawa ba ko magani.

Yanzu maganar alluran nan, wallahi ita ta fi damuna a duk saƙonki. Akwai magungunan da su da kansu suke jawo ƙarar kunne ko su lalata ji. Kwinin kowa ya san shi, duk wanda anka taɓa sa wa ruwan kwinin don zazzaɓin cizon sauro ya san yadda kunne ke ɗaukar ƙara, amma nashi yawanci yana wucewa bayan an daina. Asfirin in an sha da yawa ma haka. Wadda ba ta da sauƙi ita ce allurar gentamicin, wadda ake cewa jenta, da 'yan'uwanta irin su streptomycin, su in sunka taɓa ƙwayoyin nan na cikin kunne ɓarnar na iya zama ta har abada, domin ƙwayoyin ba sa sake tsirowa. Jenta magani ce mai amfani a wurinta, tana ceton rai in likita ya auna nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa ya rubuta, amma araha gare ta, shi ya sa ake dirka wa mutane ita a kan komai, har a kan ciwon kunnen da ba ƙwayar cuta a cikinsa. Ban ce ita anka yi miki ba, kuma tunda ƙarar ta riga alluran ba su ne mafarinta ba. Amma ki koma kemis ɗin da kanki, cikin mutunci ba faɗa ba, ki ce ya rubuta miki sunan allurar da sau nawa anka yi da sunan maganin ɗigawar, ki tafi wa likita da takardar. Kuma kar ki ƙara karɓar wata allura kan wanga kunne. Maganin ɗigawar ma ki ajiye shi, wasunsu na da irin wannan sinadarin, in akwai huda a dodon kunne yana iya gangarawa ciki, kuma ba wanda ya haska ya tabbatar ba huda kafin a ba ki.

Haka nan duk abin da za a ce ki ɗiga, man zaitun mai zafi, ruwan albasa, tafarnuwa, nonon mai shayarwa, don Allah a'a, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gashin kaza da tsinken ashana da auduga mai tsinke su ma ki raba kunnenki da su, tura dattin suke ciki. In ma an ce miki iska ce, addu'a kam kullum muna yi kuma ba ta hana zuwa asibiti, ki haɗa biyun.

Sauran abin da likita zai tambaye ki, gara ki shirya amsa tun daga gida. Shagonki akwai janareto? Ina yake, ta wane gefenki? Akwai injin markaɗe ko na niƙa ko masu walda kusa? Ƙa'idar da masana ke bi ita ce ƙarar da ta kai desibel 85, wato a ma'aunin ƙarfin sauti, in ana zama cikinta awa 8 kullum tana cin ji a hankali, kuma ba sai kina da na'ura ba, in dai sai kin ɗaga murya kafin wadda ke tsaye gabanki ta ji ki, ƙarar wurin ta yi yawa. Kina kwana da iyafis a kunne? Kin taɓa yin sanƙarau? Mu nan yankinsa muke, ba a manta yadda ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017 ba, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke barin mutum da raunin ji. Zazzaɓin Lassa ma haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 25 cikin 100 na waɗanda sunka tashi daga shi suna samun matsalar ji. Ki sa a auna miki hawan jini da yawan jini ma, mai ɗiya huɗu ƙarancin jini ba baƙonta ba ne.

Inda za ki, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan Sakkwato na da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake cewa ENT, kuma suna da sashen haƙori da muƙamuƙi a asibiti ɗaya, kin ga ba sai kin yi ta yawon da kike gudu ba, daga wannan sashe a tura ki wancan. In an ga abin na buƙatar ƙarin bincike akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, amma kar ki sa wannan a lissafi tukuna. Likita zai haska kunnen ya ga ko datti ne ko ruwa ko huda, wani lokaci nan take maganar ke ƙarewa. Sai gwajin ji, a sa miki abin saurare a wuri shiru, a riƙa sako sauti siriri da mai kauri, kina ɗaga hannu ko danna maɓalli in kin ji, ba zafi ba allura, ba ya kai awa ɗaya. Ki nace a kan wannan gwajin ko da an haska an ce kunnen lafiya lau, domin haskawa dodon kunne kawai take nunawa, ba ta ganin abin da ke bayansa. Ki karɓi takardar sakamakon ki adana, ko bayan shekara biyar da ita za a gwada a ga ko wani abu ya canza. Kuma ki buɗe baki ki gaya mishi maganar ƙwas-ƙwas da cizon haƙora, ki ce ya taɓa mahaɗar ya ji, layi na da tsawo, in ba ki faɗa ba ba lalle a tambaya ba.

In sakamako ya nuna kunnuwan biyu daidai suke, alhamdulillahi, sai a fuskanci muƙamuƙi da zuciya ɗaya. In ya nuna hagu ya fi dama rauni a fili kuma ta ɓangaren jijiya ne, likita na iya cewa a yi hoton MRI, wato hoton da na'ura ke ɗauka na cikin kai. Kar gabanki ya faɗi in kin ji haka, ana yi ne don a tabbatar ba wani ɗan ƙari a kan jijiyar ji, abu ne da ba kasafai ake samu ba, ba ciwon daji ba ne, kuma a hankali yake girma, amma ƙarar gefe ɗaya tare da raunin ji na gefe ɗaya ita ce alamarsa ta farko, shi ya sa ba a son a yi ta ɗora wa muƙamuƙi laifi shekara da shekaru ba a auna ji ba.

Akwai kuma abubuwan da in kin gansu ba jiran ranar asibiti ko jiran kuɗin ɗinki, ko bashi ne a ci a tafi ranar. In kin wayi gari jin kunne ɗaya ya ɗauke ko ya ragu sosai farat ɗaya, ko cikin kwana uku, wannan na gaggawa ne, akwai maganin da ake bayarwa wanda ya fi aiki in an fara cikin mako biyun farko, kuma mutane da yawa sun rasa kunne don sun ɗauka mura ce ko datti sunka zauna jira. In ƙarar ta koma bugawa fat-fat-fat daidai da bugun zuciyarki, ki ɗora yatsa a wuyan hannu ki gwada, wannan maganar jini ce da hanyoyinsa, a duba. In jiri ya zo da karkacewar baki ko nauyin harshe ko mutuwar hannu ko gani biyu-biyu, asibiti nan take. Haka in kunnen na zubar da ruwa ko mugunya da zazzaɓi, ko baki ya kulle ya ƙi buɗuwa ko ya ƙi rufuwa.

Kafin ranar zuwanki kuma, ki fara hutar da muƙamuƙin tun yau, ba abin da za ki rasa, kuma shi kansa gwaji ne. Ki ba shi mako biyu zuwa uku. Cingam ki bar shi gaba ɗaya. Goro, aya, rake, kilishi, gyaɗa, ƙashin miya, ganda, gasasshiyar masara, duk ki ɗaga musu ƙafa. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, fate, kunu, fura, alala, dankali, ƙwai, kifi, nama a dafa shi ya yi lugub a yanka ƙanana. Ki riƙa tauna da gefe biyu in haƙoran sun yarda. Fil ki samo ɗan matashinsu ki ɗaura a hannu, almakashi ki rataya shi a wuya da zare, waya ki sa ta a sifika. Safe da dare ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, ki gasa kumatu da gaban kunne minti 10 zuwa 15, sannan ki murza tsokar a hankali da yatsu. In hamma ta zo ki tallafi haɓa da hannu kar bakin ya wage duka. Da rana ki riƙa tuna wa kanki, leɓe a rufe, haƙora a rabe, harshe a kwance bayan haƙoran sama, in ta kama ki manna 'yar takarda jikin keken don ki riƙa gani. Duk bayan rabin awa ki ɗaga kai ki miƙe wuya. Kwanciya rub da ciki da fuska a danne gefe ɗaya ma ki rage. Maganin ciwo irin su ibuprofen na taimakawa na 'yan kwanaki, amma in kina da olsa ko juna biyu ko ciwon ƙoda kar ki sha, kuma kar ki mayar da shi abincin kullum, yawansa shi ma na iya ƙara ƙarar.

Likitan haƙori in kin kai gare shi zai duba ko haƙoran sun cinye saboda cizo, ya gyara mai rami in akwai, kuma yana iya auna bakinki ya yi miki wata roba da ake sawa da dare don ta raba haƙoran. Abin da ba na so ki yarda da shi da wuri shi ne a ce za a goge haƙora ko a cire lafiyayyu ko a yi tiyata don ƙarar kunne, mafi yawan ciwon mahaɗar nan na lafawa da hutu da gashi da motsa jiki na masu fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti. Kuma in gaya miki gaskiya, ciwon da ƙwas-ƙwas da nauyin baki su ke fara sauƙi, ƙarar takan biyo baya a hankali, wasu ta tafi duka, wasu ta ragu har su manta da ita sai an yi shiru. Ƙwas-ƙwas ɗin ma in ba ciwo ba kullewa, ko ya saura ba abin damuwa ba ne.

Dare kuma, tunda nan kinka ce ya fi muni, ba ƙarar ce ke ƙaruwa ba, gari ne ke yin shiru sai ita kaɗai ta rage. Kar ki kwanta cikin shiru tsit. Fanka in akwai wuta, ko rediyo ko karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa daga nesa kaɗan, ba a cikin kunne ba, kuma kar ya kai ya danne ƙarar duka, ya dai raba miki hankali. Shayi mai kauri da goro bayan la'asar ki rage, ko don barcin, rashin barci na ƙara cizon haƙora, cizon na ƙara ƙarar, ƙarar na hana barci. Maigida tunda shi ke jin cizon, ki sa shi ya riƙa lura miki ko yana raguwa, kuma ki nuna mishi wannan amsar, ya san ba raki kike ba. In kayan ɗinki sun fi ƙarfinki ki rage karɓa na wata ɗaya ko ki raba da wata.

Ranar da za ki, in da hali ki ɗauki gwaggo ku tafi tare. Kunnen da ya tafi ba lalle ya dawo ba, amma jirin ana iya rage mata shi, za a yi mata maganar rage gishiri da magani in ya kama, a auna ɗaya kunnen a san yadda za a kare shi, a ga kuma ko na'urar ji za ta yi mata amfani. Ki rubuto min abin da gwajin ya nuna da sunan allurar nan. Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne.